Tace man gyaɗa da asid: a yi lissafi kafin a ci bashi

Tambaya: Ina da injin matsar gyaɗa a Dawanau, ina sayar da mai jarka-jarka. Masu tuya suna kukan man yana kumfa, yana kuma kwantar da laka. An yi mini tayin ƙaramin injin tacewa mai aiki da asid. In ci bashi in saya?

Amsa: Alhaji, ka dakata tukuna.

Kumfar da lakar daga wani danƙo suke, wanda ke biyo mai wajen matsa. A masana'anta ana ɗumama man zuwa wajen digiri 80, a zuba asid ɗin fosforik, kilo 1 zuwa 2 a tan guda, danƙon ya dunƙule a fitar da shi. To, nan aka fara. Sai a bi da soda irin ta yin sabulu a kashe tsamin, a wanke da ruwan zafi, a sa ƙasa mai tsotse launi, sannan a kori wari da tururi a zafin da ya haura digiri 200. Duk matakin nan dizal yake ci, man gyaɗar ma yake ci. Ka sa mai injin ya gwada da naka man a gabanka: cikin lita 100, nawa suka fito? Gyaɗar da ta sha danshi ta fi jawo asara, kuma abin da soda ta kwashe masu sabulu ne za su saya, da araha.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙamshi. Mai ƙosai da mai tsire ƙamshin man ƙuli suke biya wa kuɗi, tacewa kuwa kashe shi take. Ranar da manka ya zama fari fes, ka shiga layin Power Oil da King's, da rajistar NAFDAC a kanka, da bitamin A da doka ta wajabta tun 2002. Jarinka zai iya wannan kokawa?

Da waken suya ko angurya kake matsa, da na ce maka tacewa dole ce. Gyaɗa danƙonta kaɗan ne. Ka busar da ita sosai, ka tsince ruɓaɓɓu. Ka zuba ruwan zafi lita 2 a lita 100 na mai mai ɗumi, ka juya rabin awa, ya kwana, ka tsiyaye, ka ɗumama ragowar ruwan ya ƙone, ka tace da ƙyalle mai kauri. Ka kai wa masu kukan jarka ɗaya su gwada.

Kuma don Allah kada wani ya ruɗe ka da ruwan batir, mutane ne za su ci.