Zimmer ko Hisaishi: kiɗan wa ya fi a fina-finan katun?

Ɗan'uwa, ka tambaye ni wa ya fi iya kiɗan fim ɗin katun tsakanin Hans Zimmer da Joe Hisaishi. Gaskiya kowa da inda ya sa gaba.

Zimmer ba ya ɓoye-ɓoye. A The Lion King na 1994, wanda ya samo masa kyautar Oscar, ya haɗa ganguna da ƙahonni da muryoyin mawaƙa ƙarƙashin Lebo M, ɗan Afirka ta Kudu. Saurari wurin da garken namun daji ke kwararowa cikin kwazazzabo: kiɗan ne ke tsinka maka zuciya tun kafin Mufasa, sarkin zakuna, ya faɗi.

Hisaishi kuwa, wanda ke aiki da daraktan fina-finan katun na Japan, Hayao Miyazaki, tun 1984, mai haƙuri ne. A Spirited Away na 2001, sa'ad da Chihiro, yarinyar da fim ɗin ke ba da labarinta, ke zaune cikin jirgin ƙasan da ke ratsa ruwa, piyano ne ke tafiya a hankali, goge na bin sa ƙasa-ƙasa, ba mai cewa uffan. Ni dai nasa ya fi ratsa ni, domin ba ya tilasta maka kuka, yana barin ka ka iso da kanka.

In kana son aunawa, kalli wuraren nan biyu ba sauti, sannan ka maimaita da sauti.