Rigar da ta jiƙe da jini: leda ko takarda?

Ka tambaya ko za a iya ƙulle rigar da aka samu jina-jina a wurin kisa cikin leda kafin a kai ta ɗakin gwaji. A'a, ɗan'uwa, buhun takarda ake sa ta, amma sai bayan ta bushe. A rataye ta a ɗaki mai kulle, ba rana, ba fanka, a shimfiɗa farar takarda a ƙasa don ta tare gashi ko zaren da ya faɗo. In ta bushe ƙayau, kowane kaya da buhunsa, ana sauya safar hannu tsakaninsu. A liƙe baki, ka sa hannu a kan liƙin, da kwanan wata da lambar ƙara.

Dalili shi ne leda na riƙe danshi. Kafin ka ankara rigar ta yi gumi, funfuna da ƙwayoyin cuta sun cinye ƙwayoyin halittar da ake nema, shaida ta tashi a banza. Sai dai in jinin na ɗiga, a ɗauko ta a leda zuwa ofis, amma kada ta wuce awa 2 a ciki.