Sai an "gyara" labari ake samun mafaka?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ƙanena ya gudu ya bar gida bayan wasu masu ɗauke da makamai sun zo nemansa har sau biyu saboda ya ƙi shiga cikinsu, kuma a zuwan na biyu suka harbe abokinsa a gabansa. Yanzu yana wata ƙasa a Turai yana jiran ranar da hukuma za ta yi masa tambayoyi. Wani da ya daɗe a can ya ce masa labarin nan ba zai kai shi ko'ina ba, sai dai ya biya a rubuta masa wani mai tsanani ya haddace, a haɗa masa da takardar 'yan sanda. Ga shi kuma ba ya iya tuna ranaku daidai. Mun rasa barci, kuma ni ake jira in tura kuɗin. In tura?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya kwantar muku da hankali. Kada ki tura ko sisi, kuma ki gaya wa ƙanenki ya yanke hulɗa da mutumin nan tun yau.

Abin da kika bayyana ba ƙaramin dalili ba ne. Wanda ya ƙi shiga wata ƙungiya mai makamai, ƙungiyar kan ɗauke shi a matsayin ɗan adawa, kuma lauyoyi sukan gina hujja a kan haka ƙarƙashin ra'ayin siyasa, ɗaya daga cikin dalilai biyar na ba da mafaka da ke cikin Yarjejeniyar 1951 ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan 'yan gudun hijira. Ko da hakan bai karɓu ba, dokar Tarayyar Turai tun 2004 ta tanadi kariya ta biyu ga wanda zai fuskanci mummunar cuta idan aka mayar da shi. Ba zan yi miki alƙawarin sakamako ba, domin babu mai gaskiyar da zai yi, amma yana da abin da zai tsaya a kai.

Kusan kullum sai na gamu da wannan jita-jita, cewa jami'in da ke sauraron masu neman mafaka ya fi ba da mafaka ga wanda labarinsa ya fi ban tausayi, kuma na gaji da ganin yadda take kashe ƙararrakin da da sun yi nasara. Jami'in nan abu biyu yake aunawa: ko tsoron mutum yana da tushe, da kuma ko maganarsa abin yarda ce. Dillalin labari ba ya ƙara komai a na farko, sai dai ya rusa na biyu. Labarin da zai sayar wa ƙanenki ya riga ya sayar wa wasu, kuma teburin da za a kai shi ya sha ganin irinsa, da kurkukun iri ɗaya, da mai gadin da ya ji tausayi ya buɗe ƙofa cikin dare. Ganawar tana iya ɗaukar sa'o'i, ana tambaya a koma baya a sake tambaya ta wata fuska. Wanda ya ga abu da idonsa, idan aka ce ta ina hasken ɗakin yake shigowa, zai yi shiru ya tuna. Wanda ya haddace, da zarar an fita daga takardar sai ya fara ƙirƙira, ƙarya ta biyu ta ƙaryata ta farko. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a nan mai faɗawa cikinsa ba dillalin ba ne.

Takardar jabu ta fi haka muni. Hukumomi suna da masu binciken hatimi da tawada da tsarin rubutu, kuma takarda ɗaya da aka gano ta bogi tana jefa shakka a kan duk abin da ya faɗa, har da kisan abokinsa da ya faru da gaske. Masu cewa a sauya suna ko a yi iƙirarin wata ƙasa ma suna ɓoye cewa tun 2003 ƙasashen Turai ke tara zanen yatsun masu neman mafaka a rumbu ɗaya mai suna Eurodac, wasu ƙasashen kuma suna sa masana su saurari karin harshen mutum don tantance inda ya fito. Ko an yi sa'a an wuce, matsayin da aka samu da yaudara ana iya soke shi bayan shekaru. A Amurka kuwa, wanda aka tabbatar da gangan ya ƙirƙiri muhimmin sashe na buƙatarsa yana iya rasa damar samun izinin zama har abada.

Abin da dillalan nan suke ci da shi shi ne tsoron da kika ambata, na manta ranaku. A 2002 mujallar likitoci ta BMJ ta buga binciken da Jane Herlihy da abokan aikinta suka yi a Birtaniya, inda aka yi hira sau biyu da 'yan gudun hijira daga Kosobo da Bosniya waɗanda an riga an ba su izinin zama, wato ba su da abin da za su ci da ƙarya. Duk da haka an sami saɓani a bayanansu, musamman a ƙananan abubuwa na gefe, kuma ga masu fama da firgici mai tsanani saɓanin yana ƙaruwa idan tazarar hirarrakin ta yi tsawo. Ina da ƙorafi a kan hukumomin da ke ajiye mutum shekaru yana jira sannan su tuhume shi a kan ko Talata ce ko Laraba. Amma maganin wannan shi ne ya ce "ban tuna ranar ba, na dai san kafin girbi ne", kada ya ƙago rana don ya cike gurbi. Jagorar 1979 ta UNHCR, wato hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta amince cewa wanda ya gudu da ransa da wuya ya zo da takardu, kuma idan bayaninsa ya haɗu bai saɓa wa abin da aka sani ba, a yi masa kyakkyawan zato a inda hujja ta gaza.

Ya nemi lauya mai rajista ko ƙungiyar da ke ba da taimakon shari'a kyauta, ya faɗa masa komai, har da tayin da aka yi masa. Idan yana fama da mugayen mafarkai ko firgita, ya ga likita a rubuta. Ranar ganawa, idan bai fahimci tafinta ba ko ya ji ana juya maganarsa, ya faɗa nan take, kuma kada ya sa hannu a rubutaccen bayanin sai an karanta masa. Ke kuma, Malama, taimakon da za ki yi daga nan shi ne tattara abin da ke hannu na gaskiya: saƙonnin barazana a waya, hoto, labarin harin idan wata jarida ta buga, da shaidar rasuwar abokin idan iyalinsa sun yarda. Ki ɗauki hotonsu yadda suke, ba tare da gyara ko harafi ɗaya ba, ki tura wa lauyan, asalin kuma ki adana.