Amsa ga mai shirin fara aikin barga: ka koyi kallon doki kafin ka ɗauki tsintsiya

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Na ga tambayarka tun jiya, cewa ka samu aikin kula da dawakai, za ka fara mako mai zuwa, ba ka taɓa riƙe ragamar doki ba, kana neman sanin abin da ya kamata ka fara koya. Allah ya sanya alheri. 'Yan'uwa sun yi maka bayanin shara, wanka da ɗaura sirdi, kuma gaskiya suka faɗa. Amma waɗannan cikin 'yan kwanaki hannunka zai faɗa. Abin da ke ɗaukar lokaci shi ne ido, kuma a kansa nake so in tsaya, don na daɗe a wannan aiki.

Doki ba ya saurin nuna ciwo. Asalinsa dabba ce da ake farauta a daji, wanda ya nuna rauni shi ake fara kamawa, shi ya sa yake daurewa har sai abin ya ci ƙarfinsa. Likita sai an kira shi yake zuwa. Mai doki yakan leƙo ya shafa wuyansa ya wuce. Kai ne kaɗai kake tare da shi safe da yamma, to in ba ka gani ba, babu mai gani.

Da ka shigo da safe, kada ka fara da shara. Tsaya a bakin ɗakin kowane doki ko da minti ɗaya ne. Ya tarbe ka kamar yadda ya saba, ko ya juya fuska bango ya sunkuyar da kai? Ciyawar dare ta ƙare ko ya rage? Ruwan bokiti ya sauka zuwa ina? Shimfiɗar tana nan lumui, ko an hargitsa ta kamar an yi kokawa a ciki? Sannan ka dubi kashinsa, ka ƙirga tsibin. Lafiyayyen doki yakan yi kashi kamar sau 8 zuwa 12 a kwana ɗaya, curi-curi mai ɗan danshi, wanda ke fashewa in ya faɗi ƙasa. In ka tarar da tsibi biyu kacal, busassu, ƙanana, ko ka tarar da zawo, wannan labari ne da dole ka kai gaba nan take.

Ga abin da ya koya mini haka. A shekarata ta farko akwai wani kili mai kwaɗayin ci, da ya ji motsin bokiti sai haniniya. Ran nan na shigo ya yi shiru, ya bar rabin ciyawarsa, kashi ɗan kaɗan a kusurwa. Na gani sarai. Sai na ce a raina ni sabo ne, in na je na faɗa za a ce na cika zuzuta abu. Na share ɗakin tas, na zuba masa hatsinsa, na wuce na gaba. Kafin rana ta take yana tonon ƙasa da ƙafar gaba, yana waiwayen kwiɓinsa, gumi ya jiƙa shi. Da likita ya zo, abin da ya fara tambaya shi ne yaushe ya yi kashi na ƙarshe, kuma ruwa nawa ya sha da dare. Na riga na kwashe amsar na zubar da hannuna. Abinci ne ya cushe masa a hanji. Sai da aka zura masa tiyo ta hanci zuwa ciki ana ɗura ruwa da magani, muka kwana biyu a kansa kafin ya warware. Ya rayu, alhamdu lillahi, amma sa'o'i biyar ɗin da na yi shiru da hatsin da na ƙara masa sun kusa tafiya da shi. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Ido yana buƙatar ma'auni, don haka ka haddace waɗannan. Babban doki yana hutawa, zafin jikinsa tsakanin digiri 37.5 ne da 38.5 a ma'aunin Salshiyos, ana aunawa ta dubura, kana tsaye a gefen cinyarsa, ba a bayansa ba. Bugun zuciya 28 zuwa 44 a minti ɗaya. Za ka ji shi in ka sa yatsu a ƙarƙashin muƙamuƙi, inda jijiya ta ratsa ƙashin. Ƙirga na daƙiƙa 15, ka ninka sau huɗu. Numfashi 8 zuwa 16 a minti, ka kalli tashi da saukar kwiɓi. Ɗaga leɓensa na sama ka ga dasashi, ya kasance ja-ja mai haske, mai danshi. In ka danna da yatsa ya yi fari, launin ya dawo cikin daƙiƙa biyu. Ka nemi wani tsohon hannu ya nuna maka sau ɗaya, sannan ka auna kowane doki yana lafiya ka rubuta a ɗan littafi. Wani bugunsa na kullum 32 ne, wani 40, sai ka san na kowa za ka gane ranar da ya canza. Doki mai ciwon ciki da bugunsa ya haura 60 yana tsaye, ba a jira a ga yadda za ta kasance.

In ka ga alamun ciwon ciki, irin na kilin nan da na ba ka labari, ka kwashe abincin gabansa duka, ka sa a kira likita. In yana neman faɗuwa yana birgima da ƙarfi, ka ja shi yawo a hankali, ba sai ka gajiyar da shi ba. Ina roƙonka kada ka bari a ɗaga kansa a yi masa ɗure ta baki da kwalba, domin ruwan yakan bi ta huhu, a tashi daga ciwo ɗaya a koma biyu. Kada kuma a yi masa allurar kashe zafi kafin likita ya ce, tana rufe alamun da zai duba.

Yawancin ciwon ciki daga hannunmu yake fitowa, ta wurin ciyarwa. Duk girman doki, tumbinsa ƙarami ne, bai wuce cin lita 8 zuwa 15 ba. Ba ya iya amai, abin da ya shiga sai ya bi ta baya. Kuma tumbin yana fitar da ruwan tsami dare da rana, ko da abinci ko babu, domin an halicce shi ne ya yi ta tsinkar ciyawa kusan sa'o'i 16 a kwana. In ka bar shi da yunwa rabin yini sannan ka tula masa hatsi, ka saɓa wa halittarsa ta fuska biyu. Ciyawa ita ce abincinsa, hatsi ƙari ne don aiki. Yana buƙatar busasshiyar ciyawa kimanin kashi ɗaya da rabi zuwa biyu cikin ɗari na nauyin jikinsa kullum, wato doki mai kilo 450 zai ci kilo 7 zuwa 9. An ce ido ba mudu ba ya san kima, amma a nan ni ban yarda da ido ba, ka sa a sikeli har sai hannunka ya san nauyin. Ciyawa a fara bayarwa, hatsi ya biyo baya, a raba shi kashi-kashi, kada ya wuce kamar kilo biyu a ci ɗaya. Ranar da bai fita aiki ba a rage hatsin. In za a canza abinci, ko da sabuwar ciyawa ce daga wata gona, a riƙa gaurayawa da tsohon a hankali na mako ɗaya zuwa biyu, saboda ƙwayoyin da ke narka ciyawa a hanjinsa su saba.

Ka riƙa sunsunar duk abin da za ka zuba masa. Mai fumfuna ko warin ruɓa, a zubar, kada ka ji asara. Kada ka zuba abinci a kan yashi, yana taruwa a hanji. Abincin kamfani na shanu ko na kaji kada ya kusanci doki, don wasu ana sa musu wani sinadari, monensin, wanda kaɗan daga cikinsa ke lalata zuciyar doki. Ɗakin hatsi kuwa ka kulle shi kamar ɗakin kuɗi. Dokin da ya kwance da dare ya faɗa buhu zai ci har ya cutar da kansa, ko da ka same shi da safe garau, a kira likita.

Ruwa ya kasance a gabansa kullum. Yakan sha lita 25 zuwa 45 a rana, in ana zafi ko ya yi aiki ya fi haka nesa. Ka wanke bokitin, ba ƙari kawai za ka riƙa yi a kan na jiya ba, doki yana da ƙyanƙyami, gara ya zauna da ƙishi da ya sha mai wari. Za ka ji tsofaffin ma'aikata suna cewa kada a ba dokin da ya dawo da gumi ruwa, kada a zuba masa ruwan sanyi. Ni ma haka na taso ina ji. Amma binciken da aka yi gabanin wasannin Olamfik na Atlanta a 1996, saboda zafin garin, ya nuna zuba ruwan sanyi a jikin dokin da ya ɗau zafi ba ya cutar da shi, shi ne ma hanya mafi sauri ta sanyaya shi. Ka kai shi inuwa, ka zuba masa, ka bar shi ya sha.

Sai kofato. Kullum ne, kafin ya fita da bayan ya dawo. Ka tsaya a gefensa kana fuskantar wutsiya, ka bi ƙafar da hannu daga sama zuwa ƙasa, ka ɗan jingina da kafaɗarka, zai ɗaga. Ka sunkuya, kada ka durƙusa kada ka zauna, don in ya zabura ka iya matsawa. Ka sakace daga dunduniya zuwa gaba, kana lura da tsokar nan mai laushi da ke tsakiya. In ramukan gefenta suna fitar da baƙin abu mai ɗoyi, tsayuwa cikin fitsari da danshi ne ya jawo, gyaran yana hannun mai shara. Ka ɗora tafin hannu a kan kofatai huɗun, in ɗaya ya fi saura zafi ka faɗa. In ka ga ya miƙa ƙafafun gaba yana mayar da nauyinsa baya, ba ya son takawa, kumburin cikin kofato ne, yawan hatsi na cikin manyan abubuwan da ke kawo shi, kuma na gaggawa ne. Kofato yana tsiro kamar milimita 6 zuwa 10 a wata, shi ya sa ake gyara shi duk mako shida zuwa takwas, kuma in ya lalace kusan shekara ake yi kafin sabo ya sauko gaba ɗaya. In ƙusa ta shige shi, kada ka yi saurin zarewa, ka hana shi takawa a kira likita, yana buƙatar ganin inda ta nufa. Ka kuma tambaya tun ranar farko ko dawakan sun samu rigakafin ciwon sanƙarar jiki da ake ce wa tetanus, domin doki na cikin dabbobin da ya fi saurin kamawa, ɗan ƙaramin huji ya isa.

Gogar jiki ma bincike ce. Burushi yana tafiya, ɗaya hannun yana biye da shi yana neman kumburi, zafi, kaska, ko wurin da zai noƙe. Ka fi mai da hankali a gadon baya da wurin majayi, ƙwayar yashi ɗaya ƙarƙashin sirdi takan zama miki. In ka ga dunƙulen ciyawa da aka tauna aka tofar a ƙasa, haƙoransa ne suka yi kaifi, suna son likita.

Lafiyarka kai ma ta dame ni. Doki yana gani kusan ko'ina a kewayensa, ban da daidai bayansa da daidai gaban goshinsa. Ka tunkare shi ta kafaɗa, kana magana. In za ka zaga ta baya, ko dai ka manne da shi hannunka na kan ɗuwawunsa, ko ka ba da tazara sosai, tsakatsakin nan ne harbi ya fi ƙarfi. In ya kwantar da kunnuwa baya, gargaɗi ne. Kada ka taɓa naɗa igiya a hannunka ko yatsunka, ka ninka ta ka riƙe. Na ga abokin aikina ya rasa yatsa a gabana, doki mai sanyin hali ne kuwa, leda ce iska ta kwaso. Ka koyi ƙullin zarge, wanda ja ɗaya ke kwance shi, ka ɗaure a tsayin kafaɗarsa, kuma da ragama, ba da linzami ba. Rufaffen takalmi mai tauri, ban da silifa. In za ka mayar da shi ɗaki, ka shiga tare da shi, ka juyo da fuskarsa ƙofa, sannan ka sake shi.

Game da duka, zan gaya maka ra'ayina kai tsaye. Yawancin abin da ake kira taurin kan doki tsoro ne ko ciwo. Wanda ya fara cizo in za a ja majayi, ka duba bayansa da cikinsa kafin ka ɗaga hannu. Dokin da kake duka zai daina nuna maka komai, ka ga ka rufe wa kanka idon da nake ta magana a kai.

Kafin ka tashi da yamma, ka sake zagaye ɗaya ba tare da kayan aiki a hannu ba. Ka cika ruwa ka lura da inda ya tsaya, ka tabbata ciyawar za ta kai shi tsakar dare ko fiye, shimfiɗa busasshiya mai kauri, don ko da yake yana gyangyaɗi a tsaye, barci mai nauyi sai ya kwanta. Ka taɓa kowace sakata da hannu. In ka fara aikin, ka dawo ka faɗa mana dawaki nawa aka damƙa maka da irin aikin da suke yi, sai mu lissafa abincin kowanne tare.