Balma: garin da gishiri ke ciyarwa a tsakiyar Sahara

Tambaya: Malam, ni dillalin shanu ne a Kara ta Bukuru, kusa da Jos. Kakana yakan ba mu labarin kantun gishirin Balma da Buzaye ke saukewa a Kano. Wai ina ne Balmar nan, kuma da me mutanenta ke rayuwa alhali ko damina ba su da ita?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya jiƙan magabata. Balma, wadda ake rubutawa Bilma a taswira, tana yankin Kawar ne, arewa maso gabashin Jamhuriyar Nijar, cikin jihar Agadas. Barebari da Tubawa ne mazaunanta. Tun zamanin daular Kanem-Borno zango ce a kan hanyar da ta tashi daga Tafkin Chadi zuwa Fezzan da Turabulus a ƙasar Libiya ta yau, har Faransawa suka mamaye ta a 1906.

Ruwan Balma a ƙasa yake. Akwai idanun ruwa masu daɗi da ke shayar da dabino da 'yan lambuna, ga kuma ruwan zartsi a Kalala, gefen gari. A nan ake haƙa ramuka, ruwan ya tsattsafo, rana ta ƙafar da shi. Mai aiki yakan tsaya cikin ramin, ƙafafu duk sun tsage, yana farfasa ɓawon da ya kwanta a sama don ya nutse. Tsantsan farin shi ne beza, na miya. Sauran a kwaɓa, a dandaƙa cikin mazubin kututturen dabino, a kife a rana. Kantun kakanka ke nan, wanda dabbobi ke lasa.

Hatsi kuwa sai an kawo. Da kaka ayarin Abzinawa ke keta hamadar Tenere, tafiyar ɗaruruwan kilomita, su ya da zango a garin Fachi. Hatta ciyawar raƙuma a bayansu ake ɗaure ta, domin babu abin kiwo a hanya. Madugu kuma da taurari da kwanciyar rairayi yake gane gabas. Su sauke gero, su ɗauki gishiri da dabino, su gangaro ƙasar Hausa. Yau manyan motoci sun karɓe kaso mai yawa na wannan fatauci.

Abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne gininsu. Da ƙasa mai gishiri suke yin gidaje, saboda haka ruwan saman da mu a Jos muke roƙo, su tsoronsa suke ji. A watan Agustan 2006 aka tafka ruwa mai ƙarfi a Balma, gidaje da dama suka narke suka zube.