Amsa ga Kawu a Gombe kan kuɗin tsufa a Amurka

Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya. Ka tambaya ko gaskiya ne gwamnati ce ke ciyar da tsofaffinmu a Niyok, kuma me ya sa hankalinmu ke tashi in 'yan jam'iyyar Rifablikan sun ambaci gyaran tsarin kuɗin tsufa.

Ba sadaka ba ce, guminmu ne. Tun 1935, zamanin Roosevelt, aka kafa asusun Social Security. Ana zaftare kashi 6.2 cikin ɗari na albashinka, ubangidanka ya ɗora kwatankwacinsa. Sai ka yi wajen shekara 10 kana zubi kafin ka cancanta, kuma wanda aka haifa daga 1960 ba ya samun cikakken rabonsa sai ya kai 67.

Paul Ryan, ɗan Rifablikan ɗin da ya shugabanci majalisar wakilan Amurka daga 2015 zuwa 2019, cewa ya yi masu kwasa sun yi yawa, masu zubi sun ragu. Don haka a ɗaga shekarun ritaya, matasa su riƙa tara wani kaso a asusun kansu, mai karɓar tallafi kuma a sa shi neman aiki. Kai da ka ga sauyin fansho na 2004 lokacin Obasanjo, ba sai na fassara maka asusun kai ba. Lissafin Ryan ba ƙarya ba ne. Abin da ke ci mini rai, shi ma da mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara 16, kuɗin marayu na wannan asusun ne ya taimaka masa ya yi jami'a.

Mutanenmu na unguwar Buronkis a Niyok kuwa da jiki suke nema: tuƙin tasi, gadi, jinyar tsofaffi a gidajensu. Mai zaman ofis zai iya ƙara shekara uku. Dattijon da ya kwana 30 na kowane wata a bayan sitiyari, gwiwa da baya sun riga sun gama masa magana. Ga waɗanda suka yi shekaru ana biyansu a hannu ba rajista, tsufa ya zo ba su da ko sisi a asusun.

Shi ya sa ba mu saki adashe ba. Bayan Juma'a ana zagayawa da asusun jana'iza da na marar lafiya. Karɓar katin tallafin abinci na gwamnati ma da yawa kunyarsa suke ji, sai liman ya lallashe su. Kuma kusan kowa na da fili a gida yana aza bulo kaɗan-kaɗan. Nawa na Tumfure ya kai linta, don Allah ka leƙa mini shi kafin damina.