Kafin katafila ta shiga fili: yadda ake gane ko akwai kayan tarihi a ƙasa

Tambaya: Mun sayi fili a bayan garin Zariya, wajen Kufena, za mu gina gidajen haya. Masu share wurin sun ce suna ganin tsingaro barjat. Me ya kamata mu yi kafin a haƙa tushe? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, ka dakatar da katafila tukuna. Darajar kayan tarihi tana ga inda suke kwance. Ƙasa hawa-hawa take, na ƙasa ya girmi na sama. Da zarar an cakuɗa ta, ba mai iya karanta ta kuma. Kufena kuwa tsohon mazauni ne tun kafin birnin Zariya na yanzu, don haka ba abin wasa ba ne.

Fara da mai unguwa da dattawa: kufai ne wurin? Akwai tsohuwar maƙabarta ko marina? Sannan a dubi hoton tauraron ɗan'adam, domin sawun ganuwa yakan fito a can ko da ido bai gani a ƙasa.

Sai a taka filin bayan girbi, lokacin da ciyawa ta kwanta, mutane a jere, tazarar mita 5 zuwa 10. Abin nema shi ne tsingaro, kashin tama (dattin da ke saura in an narka ƙarfe), dutsen niƙa, tudun toka da kukoki a cunkushe. Tsingaro ɗaya-ɗaya ba hujja ba ce, don sau da yawa takin bola ke kawo shi gona. Idan ya taru wuri guda tare da toka da gawayi, to an zauna a nan.

Ramin gwaji aikin masana ne, kuma sai da izinin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda dokar 1979 ta kafa. Sukan haƙa mita 1 a kan mita 1, suna sauka santimita 10-10, suna tankaɗe ƙasar, har su iske wadda ɗan'adam bai taɓa ba. Gawayin da za a auna shekarunsa akan naɗe shi a takardar alminiyom, ba a jagwalgwala shi da hannu.

Ka tuntuɓi sashen nazarin kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, ga shi kusa da kai. Yawanci ba hana gini ake yi ba. A kwashe bayanai, ko a ɗan matsar da tushe. In leburori suka tono tukunya ko mutum-mutumi, kada a wanke, kada a sayar wa dillalai. A ɗauki hoto, a rufe da leda, a sanar da hukumar nan take.